Ciwon yaranmu ba ya shiga rajista

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in isar da kuka ga hukumomin Jihar Sakkwato masu kula da lafiya da ƙananan yara, kan cin zarafin yara da ba a ƙirgawa.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a wajen garin Sakkwato, shekara 14 ke nan ina cika rajista. Duk ƙarshen wata mukan zauna mu ƙirga masu zazzaɓin cizon sauro, da mata masu awon ciki, da yaran da tamowa ta kama, mu tura ƙaramar hukuma a shigar a kwamfuta.

A daminar bara aka kawo mini wata yarinya da ba ta wuce shekara bakwai ba, da ƙuna a bayan hannunta. Matar da ke riƙonta ta ce murhu ta faɗa wa. Na sha ganin ƙunar murhu, ba ta da tsari. Wannan kuwa shatin bayan cokali ne, har da mariƙinsa. Ina wanke ciwon yarinyar ba ta ko yi ƙara ba, idonta yana kan matar. Na sa magani, na ɗaure, na rubuta "ƙuna", suka tafi. Bayan wata biyu aka dawo da ita leɓe a fashe, abokin aikina ya rubuta "faɗuwa". Sai a hira muka gane yarinya ɗaya ce. Ashe mai unguwa ya taɓa yin sulhu a kanta, malamarsu ta Islamiyya ma ta lura da tabon. Mu huɗu kowa ya san wani abu, amma babu takarda ɗaya da ta haɗa mu. A lissafin da muka tura sama, babu wanda ya taɓa yarinyar nan. Abin yana damuna har yau, don da hannuna na rubuta.

Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi da tallafin UNICEF, asusun yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2014 ya nuna cewa shida cikin kowane yara goma a Najeriya suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su cika shekara 18. Yarinya ɗaya cikin huɗu da yaro ɗaya cikin goma an yi lalata da su, waɗanda suka samu taimako kuma ba su kai biyar cikin ɗari ba. Wannan lissafin ƙasa ne baki ɗaya. Mu da muke aiki muna bukatar namu, na ƙananan hukumomi 23, unguwa-unguwa.

Doka dai muna da ita. Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu a dokar kare yara ta jiha a 2021, akwai kuma Cibiyar Nana Khadija da ke karɓar waɗanda aka yi wa fyaɗe. Amma cibiya tana ƙirga wanda ya iso ƙofarta ne. Ɗiyar da 'yan bindiga suka koro iyayenta daga Isa ko Sabon Birni, da wane kuɗin mota za ta zo? Idan ƙaramar hukuma ta turo sifili, a je a duba, kada a yi murna.

Mun ga amfanin ƙirge a yaƙin shan inna. Alli a jikin bango, tawada a ɗan yatsa, taro kowace yamma ana tambayar gida nawa aka tsallake da dalili. Gidan da aka ƙi, washegari a koma da mai unguwa ko liman. Da haka aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan inna a watan Agustan 2020.

Abin da nake roƙo shi ne takarda guda mai sauƙi, da Hausa, wadda ni da malamin makaranta da jami'in jin daɗin jama'a da Hisba za mu iya cikawa: shekarun yaro, irin ciwon, a hannun wa yake zaune, karo na nawa, ina aka tura shi. A koya mana bambance ciwon haɗari da na ganganci. A sa lamba maimakon suna, wannan kam ba na wasa da shi. Sunan yarinya ya fita a WhatsApp sau ɗaya, an ɓata mata aure, kuma babu uwar da za ta sake kawo mana ɗiyarta.

Sannan a riƙa dawo mana da sakamako. Idan lissafi ya nuna yaran riƙo ne suka fi shan wuya, ko 'yan talla, sai a san inda za a tura ma'aikata da abin da za a roƙi limamai su faɗa ranar Juma'a. Kuma idan adadi ya hau a shekarar farko, kada a kira mu a ce mun ɓata sunan jiha.

Ita yarinyar, na je gidan da kaina bayan Babbar Sallah. Maƙwabta suka ce an mayar da ita ƙauye, ba su san wanne ba.

Wassalam.

Ma'aikaciyar lafiya,
Sakkwato