Koke ga Mai Martaba kan dausayin da ake shirin cikewa

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamanin Sarki.

Mu manoma da makiyaya da masunta muka haɗu muka rubuto kan dausayin nan da aka ce za a cike a mai da shi ƙatuwar gona ta noman fitarwa waje, da bashin ƙetare. Safiyo sun zo sun kafa turaku masu jan fenti har mashayar shanu, ba wanda ya ce mana kanzil.

Daga baya a mitin masu aikin sun karanto mana tan kaza riba kaza, to amma ranka ya daɗe a lissafin nasu kifin da muke kamawa sifili ne, ciyawar rani sifili, ruwan da dausayin ke shanyewa da damina ya tare mana ambaliya ya kuma sauka ƙasa rijiyoyi su samu shi ma sifili, wai tunda ba shi da rasit. Wallahi wannan ya fi komai ƙona mana rai. Wanda ya yanka saniyar tatsa ya sayar da nama ai ba riba ya ci ba, jarinsa ya cinye.

Herman Daly, masanin tattalin arziki da ya yi aiki a Bankin Duniya daga 1988 zuwa 1994, da zai ajiye aiki abin da ya ja musu kunne kenan, su daina ɗaukar cinye albarkatun ƙasa a matsayin kuɗin shiga. An kuma gani a Tekun Aral da ke tsakiyar Asiya, tun shekarun 1960 Tarayyar Sobiyet ta karkatar da kogunan Amu Darya da Syr Darya da ke zuba cikinsa don auduga, auduga ta samu kam, amma tekun ya janye, yau jiragen kamun kifi na nan zube cikin yashi a Moynaq, garin masunta da a da ke bakin tekun, sun yi tsatsa.

Sun ce mana kayan jama'a lalacewa yake in ba a damƙa wa kamfani ba. Amma Elinor Ostrom, wata masaniya 'yar Amurka, ta samu kyautar Nobel a 2009 ne kan nuna cewa mutanen wuri kan iya riƙe makiyaya da ruwa da dokokinsu, mu ma muna da lokacin kamun kifi da burtali tun kakanni.

Muna roƙon Sarki dan Allah ya sa baki a dakatar da katafila, kar a sa hannu sai an sake lissafi da mutanenmu a zaune har da mata, sannan a nuna mana takardar bashin mu ga wa zai biya kuma shekara nawa.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya.

Talakawanka na bakin dausayi