Wasiƙa: Ga masu hawan keken tsere a hanyoyin arewacin Kamaru

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida domin mu yi magana da samarin da suka rungumi keken tsere a Garwa, Marwa da Ngaundere. Kekunan gwanjo masu siririyar taya sun yawaita, masu hawansu ma haka. Abin da muka lura da shi kuwa, yawancinsu da kilomita kawai suke auna hanya. Sai ka ji yaro yana cewa tamanin ce kacal, kafin azahar ya dawo. A wannan yanki ba nisa ke kayar da mai keke ba. Iska ce, da zafin rana, da gangara, kuma kowace hanya da irin nata.

Mu fara da kwarin Binuwai, domin nan ya kamata sabon shiga ya koyi tafiya. Garwa tana ƙasa-ƙasa, tsayinta bai fi mita 250 daga teku ba, hanyoyin da ke kewaye da ita kuma shimfiɗaɗɗu ne. Daga gari zuwa Pitowa bai kai kilomita 20 ba, dutsen Tingilin na gefenka, ka je ka dawo kafin hantsi. Sai dai a guji ranar Lahadi, ranar kasuwar Pitowa ce, babura da dabbobi sun cika titi. Wanda ƙafarsa ta yi ƙwari sai ya haye gadar Binuwai ya yi kudu wajen Ngong, ya ratse zuwa madatsar ruwan Lagdo da aka kammala a 1982. Gadar ba ta da faɗi, a bi layi ɗaya, kada a jera biyu-biyu ana hira.

Hanyar arewa ta Pitowa da Figil, wadda ke kaiwa Marwa bayan kilomita 200 da 'yan kai, ita ce ke yaudarar mutane da hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska daga arewa maso gabas take kaɗawa, tana ƙara ƙarfi da hantsi. Saboda haka mai fita motsa jiki ya fara fuskantarta tun da sassafe, lokacin da take kwance kuma ƙarfinsa na nan, ya bar ta ta turo shi gida. Wanda ya yi akasin haka, ya bi kudu iska na bayansa, zai ji daɗi har ya zarce inda ya yi niyya, sannan dawowa ta ci masa ninkin lokacin tafiya, ga rana ta take, ga gora ta ƙare. A kusa da Figil akwai mararrabar Gidar, inda kogin Mayo Luti ya tsaga baƙin dutse a Kola. Wurin ya cancanci ratse da rani, lokacin da ruwa ya janye.

Sai babbar magana, gangarar Ngaundere. Garin yana kan tudun Adamawa, sama da mita 1,000, tsakaninsa da Garwa kuma kusan kilomita 280. Kimanin kilomita 40 daga Ngaundere hanya take sulalowa daga tudu zuwa wajen Mbe, ɗaruruwan mitoci cikin kwana-kwana. Nan ne duk manyan motocin da suka ɗauko kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere suke bi zuwa Garwa, Marwa har Injamena.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne riƙe birki tun daga sama har ƙasa. Idan birkin roba ne mai kama gefen wili, gogayyar tana ɗumama ƙarfen har hannu ba ya iya taɓa shi. Iskar cikin tub ta buɗe, sholishon tsohon faci ya yi laushi ya saki, sai taya ta fashe ko ta sace a tsakiyar kwana. Idan ta gaba ce, babu abin da mai keke zai iya yi. Maganin shi ne kafin a fara gangarowa a rage iskar taya kamar rabin "bar", wato ma'aunin ƙarfin iska da ke jikin famfo, a duba robar birki ba ta cinye ba, wayarta kuma ba ta fara tsinkewa a bakin hannu ba. Kada a sa tub mai faci a tayar gaba ranar. A kan hanya kuma a kama birki biyu da ƙarfi a miƙaƙƙen wuri kafin kwana, a saki, a bar wili ya sha iska. A tsakiyar gangarar a tsaya a taɓa shi. In ya ƙona yatsa a jira minti biyar. Mai birkin faifai ya tsira daga fashewar tub, amma shi ma birkinsa na rage kamawa idan faifan ya yi zafi da yawa.

A sa ido kan abu uku a kwanonin nan: baƙin tabo mai sheƙi, wanda gas ne ya zuba daga mota kuma yana da santsi, tsakuwar da ruwa ya kwaso zuwa bakin kwalta, da rassan ganye da aka jera a titi, alamar mota ta lalace a gaba. Kada kuma a laɓe bayan tirela don ta tare iska. Direba ba ya ganinka, kai ma ba ka ganin ramin da zai kauce wa.

Mai son hawa maimakon gangarowa yana bukatar giya mai laushi, ƙaramin faranti mai haƙori 34 a gaba da babba mai 32 a baya. Yawancin kekunan gwanjon nan da 39 da 25 suke zuwa, an yi su ne don ƙafar ɗan tsere, kuma su ke jawo ciwon gwiwa. Daga Mbe zuwa arewa hanya na bin gefen gandun dajin Binuwai, ƙauyuka sun yi nisa da juna, sai gwaggon biri a bakin titi. Kada a shiga wannan yanki mutum ɗaya, kada kuma a bari magariba ta yi a can.

A Marwa, hanyar Mokolo ta Gazawa ita ce gwanar hanya: kusan kilomita 80 na kwalta, shimfiɗe da farko, sannan hawa a hankali cikin duwatsun Mandara. Daga Mokolo zuwa Rumsiki kuwa jar ƙasa ce da duwatsu, kimanin kilomita 50, siririyar taya ba ta da aiki a can. Batun tsaro ma ba a wasa da shi: ƙauyukan kan iyaka da hanyar da ta wuce Mora zuwa Waza ba wurin yawon keke ba ne a yanzu, a tambayi hukuma da mutanen gari kafin a doshi dutse. Katin ɗan ƙasa ya kasance a aljihu saboda shingayen jandarmomi.

Game da zafi, a watannin Maris da Afrilu Garwa na wuce digiri 40. Da sanyin safe ake kama fara: a fita bayan sallar asuba, a sauka kafin ƙarfe goma. A ƙiyasta lita ɗaya ta ruwa a kowace awa, ana kurɓa tun ƙishi bai zo ba. Gora ɗaya ta zama ta gishiri da sukari, wato lita guda, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya fara jiri, ko ya rikice a magana, a kai shi inuwa a jiƙa masa jiki, in bai dawo daidai ba sai asibiti.

Tayar da ta dace da kwaltarmu mai faɗin milimita 28 zuwa 32 ce, da iska "bar" huɗu zuwa biyar gwargwadon nauyin mutum. Mafi yawan faci ba a kan kwalta ake samo shi ba, a gefen hanya ne inda tsidau da ƙayar aduwa suke. In za a huta a ɗaga keke a kai shi gindin bishiya, kafin a hau kuma a shafa tayar da hannu. In an yi faci a laluba cikin tayar da yatsa a cire ƙayar, in ba haka ba sabon tub ma zai bi na farko. A riƙe tub biyu, famfo, faci da sholisho. Sarƙa da hunturu a goge ta da tsumma bayan kowace fita, a ɗiga mai kaɗan a sake gogewa. Baƙin man mota da wasu ke shafawa ƙura yake kamawa ya cinye haƙoran giya. Da damina kuwa, inda rafi ke bi ta kan siminti a maimakon gada, in ruwa na gudu a jira ya wuce.

Roƙonmu ga direbobi, Malam Edita, su bar wa mai keke tazarar mita ɗaya da rabi in za su wuce shi, domin iskar babbar mota kaɗai tana iya jefa shi rami. Samari kuma hular kwano da fitilar baya mai ja ba ado ba ne, a saye su kafin a sayi rigar tsere.

Wassalam.

Daga wasu masu hawan keke da masu gyaransa, Garwa.