Zaɓen Mai Tsara Farmaki a Ƙwallon Amurka: A Fara Duba 'Yan Wasan da Ke Hannu

Ya Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan jaridarka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu in yi bayani a kan wani al'amari na wasanni wanda ba a saba jin sa a bakin Bahaushe ba, wato yadda ƙungiyoyin ƙwallon Amurka na gasar NFL suke zaɓen kocin da ke tsara musu farmaki. Ni tela ne a nan Jidda, kuma ɗan yayana da ya yi karatu a jihar Mishigan shi ya koya mini kallon wannan wasa, har ya sa na zama mai goyon bayan Detroit Lions. Wasannin ranar Lahadi suna farawa ne da ƙarfe 8 ko 9 na dare a agogon Saudiyya, bayan an idar da sallar isha an rufe shago, wasan ƙarshe na Super Bowl kuwa sai wajen ƙarfe 2 da rabi na dare, saboda haka 'yan kaɗan ne daga cikinmu suke iya jure kallonsa har ƙarshe.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na lura cewa idan labarin wannan muƙami ya zo cikin Hausa, akan ce masa mataimakin koci kawai, alhali kuwa wannan suna bai nuna nauyin aikin ba. Amurkawa suna ce masa ofensib kodineta, ni kuma zan kira shi mai tsara farmaki. A wannan wasa kowane ɓangare yana da mutum 11 a fili, kuma ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo ana ba shi dama 4 ya ci gaba da yadi 10, yadin nan dai da muke auna atamfa da shadda da shi. Kowace dama dabara ce da aka riga aka tsara, aka sa mata suna, aka haddace ta. Tsakanin dabara da dabara daƙiƙa 40 ake bayarwa, kuma a cikinsu ne mai kiran dabaru yake magana ta rediyon da ke cikin hular kwanon kwatabak, wato ɗan wasan da ke karɓar ƙwallo ya jefa ko ya miƙa, wanda shi ne madugun 'yan farmaki. Idan saura daƙiƙa 15 sai a yanke rediyon, yaro ya saura shi kaɗai da abin da aka gaya masa. Ana maimaita wannan kimanin sau 60 a wasa ɗaya, a wasanni 17 na kakar wasa. Mutumin da ke wannan aiki ya wuce a ce masa mataimaki.

Ra'ayina shi ne yawancin ƙungiyoyin da suka yi kuskure a wannan zaɓe sun yi shi ne domin sun fara duba sunan kocin da tarihin inda ya fito, kafin su dubi 'yan wasan da za su damƙa masa. A sana'armu, idan mutum ya shigo shago, sai an gwada shi kafin a sa almakashi, kuma telan da ya dage a kan ma'auni ɗaya ga kowa ba ya daɗewa a kasuwa, ko da hannunsa ya fi na kowa kyau. Akwai kociyoyin da suke zuwa da kundin dabarunsu a kammale, suna neman 'yan wasa su shiga ciki ko ya yi musu daidai ko bai yi ba, akwai kuma waɗanda suke kwance nasu ɗinkin su sake shi a jikin mutanen da suka tarar. Na biyun nan ne ya kamata a nema.

Misalin da ya fi fito da wannan a fili shi ne na Baltimore Ravens. A 2019 suka ɗora Greg Roman a kan wannan kujera domin suna da Lamar Jackson, kwatabak mai gudun da ba a saba gani ba, wanda wasu masana suka yi ta shakkar ko zai iya riƙe wannan matsayi a NFL. Roman bai tilasta masa tsayuwa wuri ɗaya yana jifa kamar sauran ba, sai ya gina farmakin gaba ɗaya a kan ƙafafunsa. A wannan shekara ƙungiyar ta ci wasa 14 cikin 16 da ake bugawa a kaka a lokacin, Jackson ya yi gudun yadi 1,206 da ƙwallo, wanda babu wani kwatabak da ya taɓa kaiwa a kaka ɗaya, kuma aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasa na shekara ba tare da ƙuri'a ko ɗaya ta kauce masa ba. Abin da ya fi ba ni sha'awa kuma shi ne abin da ya biyo baya. Da abokan hamayya suka fara gane wannan salo, kuma Jackson ya ƙara gogewa a jifa, sai ƙungiyar ta rabu da Roman ta ɗauko Todd Monken a 2023, mutumin da ya fi ba jifa muhimmanci, kuma a wannan shekarar Jackson ya sake lashe kambun gwarzon shekara. Ɗan wasa ɗaya ne, kociyoyi biyu masu salo dabam, amma kowanne ya zo a lokacin da yaron yake buƙatar irinsa. Wannan ya nuna cewa tambayar wane ne ya fi ƙwarewa ba ta wadatar ba, sai an haɗa da tambayar wa ya dace da wannan yaro a wannan shekara.

Haka aka gani a Philadelphia Eagles a 2024, lokacin da suka ɗauki Kellen Moore, wanda aka fi sani da son jifa tun yana Dallas. Da ya tarar da Saquon Barkley, mai gudu da ƙwallo, da ƙattin 'yan gaba masu buɗa hanya, sai ya karkata ga gudu, Barkley ya yi yadi 2,005 a kakar, ƙungiyar kuma ta doke Kansas City Chiefs da ci 40 da 22 a Super Bowl na watan Fabrairun 2025.

Akwai kuma batun harshe, wanda mai kallo daga nesa ba ya saurin lura da shi. Kowane gidan koyarwa yana da nasa sunayen dabaru. Almajiran tsohon koci Bill Walsh suna kiran dabara da jerin kalmomi masu tsawo, almajiran tsohon koci Don Coryell suna amfani da lambobi wajen nuna hanyar da kowane mai cafke ƙwallo zai bi, wasu kuma suna taƙaita dabara dukanta a kalma ɗaya ko biyu. Duk lokacin da aka canza mai tsara farmaki, sau da yawa harshen ma yakan canza, kwatabak ya koma ɗan koyo. Mu da muka zo ƙasar nan muka koyi Larabcin kasuwa da girmanmu mun san bambancin mutumin da ke tunani da harshe da wanda ke fassara a zuci kafin ya buɗe baki, kuma a fili babu lokacin fassara, domin cikin daƙiƙa 3 ko ƙasa da haka ƙattin masu tsaro sun iso kanka. Alex Smith, kwatabak ɗin da San Francisco 49ers suka ɗauka a sahun farko na sababbin 'yan wasa a 2005, ya yi aiki da masu tsara farmaki 5 dabam-dabam a shekarunsa 5 na farko, aka yi ta cewa yaron bai iya ba. Sai da ya sami kwanciyar hankali, musamman bayan ya koma Kansas City a 2013 ƙarƙashin babban koci Andy Reid, sannan aka ga ashe ba a jikinsa matsalar take ba.

Sai dai a nan ne al'amarin yake da sarƙaƙiya, domin wannan kujera ba ta riƙe mutum. Wanda ya gaza korarsa ake yi, wanda ya yi fice kuma wata ƙungiya ce take ɗauke shi ta naɗa shi babban koci. Sean McVay ya bar wannan muƙami a Washinton ya zama babban kocin Los Angeles Rams a 2017 yana da shekara 30, kuma tun daga lokacin masu ƙungiyoyi suka shiga farautar matasa irinsa. Kyle Shanahan ya jagoranci farmakin Atlanta Falcons a 2016, suka tara maki 540, kwatabak ɗinsu Matt Ryan ya zama gwarzon shekara, sai San Francisco ta ɗauke Shanahan, a shekarar da ta biyo baya makin ya sauko zuwa 353 alhali manyan 'yan wasan suna nan. Moore ma kwanaki kaɗan bayan cin kofi ya tafi New Orleans Saints ya zama babban koci. Mu masu goyon bayan Detroit mun ɗanɗani namu rabon. Ben Johnson ya shigo ƙungiyar a 2019 a ƙaramin matsayi, aka ɗaga shi zuwa mai tsara farmaki a 2022 bayan kakar da aka ci wasa 3 kacal, ya farfaɗo da kwatabak ɗinmu Jared Goff wanda mutane da yawa suka ɗauka ya gama, har a 2024 aka ci wasa 15 da maki 564. A Janairun 2025 sai ya tafi ya zama babban kocin Chicago Bears, waɗanda muke rukuni ɗaya da su, muna karawa sau 2 a kowace shekara. Daren da labarin ya iso mu, shayin da muka haɗa a shago sai da ya huce ba wanda ya kula shi.

Saboda haka ƙungiyar da ke da hankali, ranar da take ɗaukar mai tsara farmaki, ranar ya kamata ta fara tunanin wanda zai gaje shi, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Amma ba zan ɓoye cewa ɗaga na cikin gida ma ba tabbas ba ne. Da mai tsara farmaki Shane Steichen ya bar Philadelphia zuwa Indianapolis Colts a 2023, sai suka ɗaga Brian Johnson, kocin da ke kula da kwatabak, wanda ya san kwatabak ɗinsu Jalen Hurts tun yana yaro. Sun ci wasa 10 cikin 11 na farko, sannan komai ya taɓarɓare, aka sallame shi bayan kaka ɗaya. Sanin harshen gida da sanin 'yan wasa abu ne mai kyau, amma kiran dabara a gaban dubban jama'a cikin daƙiƙa 40 wata ƙwarewa ce dabam, kuma sai an gwada akan san na ƙwarai.

Wannan ya kawo ni ga tambayar da nake ganin ya kamata kowane mai ƙungiya ya yi a ɗakin ganawa: wa yake kiran dabarun a inda wannan mutum ya fito? A wasu ƙungiyoyi babban koci ne da kansa yake riƙe da rediyo, kamar Reid da McVay da Shanahan, mai tsara farmaki kuma aikinsa shirya dabarun mako da nazarin bidiyon abokan hamayya. Irin waɗannan ƙungiyoyi ba sa girgiza sosai idan an ɗauke musu mutum. Amma inda babban koci ɗan ɓangaren tsaro ne, to rabin ƙungiyar yake miƙa wa wanda ya ɗauka, kuma kuskure a nan yana iya cin kujerarsa shi ma. New England Patriots sun nuna haɗarin raina wannan aiki a 2022, bayan mai tsara farmakinsu Josh McDaniels ya tafi Las Vegas Raiders, lokacin da babban koci Bill Belichick, duk da kofunan Super Bowl 6 da ya ci da ƙungiyar, ya ba Matt Patricia kiran dabarun farmaki alhali a ɓangaren tsaro ya yi suna. Kwatabak ɗinsu Mac Jones, wanda ya yi rawar gani a shekararsa ta farko, ya ja da baya, ƙungiyar ta sauko daga cin wasa 10 zuwa 8.

Tun da wannan kujera ita ce tsanin hawa zuwa babban koci, batun wa ake kira ganawa ya zama batun adalci. Dokar Rooney ta 2003, wadda ta ɗauki sunan Dan Rooney mai ƙungiyar Pittsburgh Steelers, ta wajabta a gana da baƙaƙen fata da sauran tsiraru kafin a naɗa babban koci, a 2020 aka faɗaɗa ta zuwa muƙaman masu tsara farmaki da tsaro, a 2022 kuma aka umarci kowace ƙungiya cikin 32 ta sa mace ko wani daga tsiraru cikin kociyoyin farmakinta. Duk da haka Eric Bieniemy, wanda ya riƙe wannan muƙami a Kansas City daga 2018 zuwa 2022 aka ci Super Bowl 2 da shi, ya halarci ganawa da yawa bai sami kujerar babban koci ba, kuma hujjar da aka fi yawan ji ita ce Reid ne mai kiran dabaru, ko da yake wasu da suka yi aiki ƙarƙashin Reid ɗin kafinsa, kamar Doug Pederson da Matt Nagy, wannan hujja ba ta hana su samun kujerar ba.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne idan watan Janairu ya kama, lokacin da ake sallamar kociyoyi ana ɗaukar sababbi, ka sa wakilinka na wasanni ya riƙa kawo mana labarin tare da ambaton kwatabak ɗin da sabon kocin zai tarar, da kuma ko ya taɓa kiran dabaru da bakinsa a inda ya fito. Idan kuma masana harshe cikin masu karatu suna da sunan da ya fi mai tsara farmaki dacewa da wannan muƙami, ina maraba da gyaransu a wannan shafi.

Wassalam.

Naka mai karatu,
wani tela daga Jidda, Saudiyya