Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobin Ƙungiyarmu ta Masu Keken Lantarki, Kano

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

An yi tarukan wata-wata kamar yadda aka saba, sai dai na watan azumi da aka ɗage.

Babban abin alfaharinmu a bana shi ne zagayen kwarin Kogin Kano a lokacin hunturu. An tashi bayan sallar asuba ta titin Zariya, aka ƙetare gadar Tamburawa, aka shiga Kura, daga nan aka bi hanyar bakin kanal zuwa Kadawa, inda ruwan Dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974, yake shayar da gonakin rani. Alkama kore shar, fadamun albasa, ga kwandunan tumatir jere a Kwanar Gafan ana lodi. Manoma sun tare mu da fara'a, yara kuma suna ta mamakin keken da ke hawa tudu ba haki.

Abin da ya sa tafiyar ta yi kyau shi ne lissafin batir da aka yi tun a gida. Batir mai bolt 48 da amfiya-awa 13 yana ɗauke da wat-awa 624 (ma'aunin yawan wutar da yake adanawa), kuma idan ana taimaka masa da feda yakan kai kilomita 40 zuwa 60. Wanda ya dogara da totur kaɗai, musamman a kan burji da iskar hunturu tana bugun ƙirji, ba zai kai haka ba. Shi ya sa motar rakiya ta ɗauki batura na ajiya. Caja mai amfiya 2 tana cin wajen awa 7 kafin ta cika irin wannan batir, saboda haka cajin hanya ba abin dogaro ba ne. Kuma kada a jona batir yana da zafi, a bar shi ya huce a inuwa.

Ƙaya ce ta fi ba mu wahala. Facin tayar baya a keken da injinsa ke cikin cibiyar taya sai an cire wayar injin, an kwance noti da sifana, an kuma lura da yadda washoshin (ƙananan zobban ƙarfe da ke ƙarƙashin noti) suke kafin a mayar. Man sarƙa mai danƙo yana tara ƙura ya zama kamar yashi, busasshen mai ya fi dacewa da wannan lokaci.

Ziyarar gonakin inabi na Kudan a Jihar Kaduna ba ta yiwu ba, kuma mun ji ƙorafin da ake yi. Tafiyar ta haura kilomita 100 zuwa kawai, tana buƙatar motar rakiya, man fetur da masauki. Da wane kuɗi? Haka wurin cajin sola: an sayi faifai, inbata (na'urar juya wutar sola zuwa irin ta gida) ce ta gagara, domin farashi ya tashi kafin kuɗin ya taru. Ba sakacin kwamiti ba ne.

Fiye da rabinmu ba su biya kuɗin wata-wata ba. Ma'aji ya kira, ya tura saƙo, ya bi wasu har shago, shi ma da nasa aikin. Abin da ya fi ciwo, waɗanda suka fi yawan surutu a zauren WhatsApp ba a ganinsu ranar taro ko ranar gyaran kekuna. Duk mai bashi ya ga Ma'aji kafin taro na gaba, domin a can za a yanke ranar tafiyar Kudan, kuma sunan wanda ya biya kaɗai za a rubuta.

Wassalam.
Sakatare