Wasiƙa ga Iyaye: Maganar Ƙwallayen Kwalin 'Yan SS2

Assalamu alaikum warahmatullah. Ya ku iyaye da masu riƙon ɗalibanmu, ina gaishe ku da ɗawainiyar yara, Allah ya saka da alheri.

Da so samu ne, da sakamakon gwajin tsakiyar zango zan fara. Amma tun Litinin wayata ba ta huta ba, saboda wani saƙon murya da ya zagaya zauren WhatsApp na iyaye, wai makaranta ta sa 'yan SS2 suna haɗa ƙwayar cuta. Wata uwa ta iso ofishina ko mayafi ba ta tsaya gyarawa ba. Wani uba kuma, Allah ya huci zuciyarsa, ya cusa aikin 'yarsa a murhu, aikin da ta yi kwana uku tana yanka tana mannawa. Tsoron na fahimce shi. Abin da ban fahimta ba shi ne yadda mutum zai tura saƙo gida hamsin kafin ya tako ofishin da ba a taɓa kulle masa ba.

Abin da yaran ke yawo da shi kwalin taliya ne da gam. Siffar ƙwanson bairas, wato wani nau'in ƙwayar cuta, suke ginawa don baje kolin kimiyya, kuma tunda magana ta kai nan, bari in faɗa muku abin da ake koya musu.

Bairas ba shi da tarkace: ɗan zaren gado ne, wato zaren da ke ɗauke da umarnin halittarsa, sai ƙwanson furotin da ya lulluɓe shi. Zaren gajere ne ƙwarai, ba zai ɗauki umarnin ƙera kayan gini kala-kala ba. Don haka yakan yi irin dabarar mai buga bulo, wato tubali iri ɗaya, ko 'yan kaɗan, a yi ta maimaitawa har gini ya rufe. Francis Crick da James Watson ne suka kawo wannan hasashe a 1956. Siffar da ɗimbin bairas ke ɗauka tana da fuska 20, kowace alwatika ce, da tsini 12 da gefe 30. Mafi ƙanƙantar irin wannan ƙwanso tubali 60 ne, uku a kowace fuska. A 1962 Donald Caspar da Aaron Klug, wanda ya tashi a Afirka ta Kudu kuma ya samu lambar Nobel a 1982, suka nuna yadda manya ke ƙaruwa zuwa 180, 240 da sama: ana ƙara gungu masu tubali shida-shida, amma gungu masu biyar-biyar 12 ne kullum, ba ragi ba ƙari. Duk wanda ya buga tsohuwar ƙwallon nan mai baƙi da fari ya riƙe wannan lissafi a hannunsa, domin baƙaƙen faci masu gefe biyar 12 ne, fararen masu gefe shida 20.

Ranar Laraba na leƙa ɗakin gwaje-gwaje, na tarar da wani yaro ya haɗa alwatika shida a tsini ɗaya, abin ya baje a kan tebur kamar faifai, ya ƙi lanƙwasa. Ya fara huci. Malamarmu ta bayoloji ba ta ba shi amsa ba, cewa kawai ta yi ya cire ɗaya ya haɗe bakin. Yana haɗewa kwalin ya tashi kamar malfa. Ihun da yaron nan ya yi, har 'yan aji na kusa suka leƙo ta taga. Irin koyarwar da nake nema ke nan, kuma ina so iyaye su sani cewa gam da almakashin farko daga aljihunta ta saya, ba ta ma gaya mini ba. Malamai masu shiga aji da tsohon littafin rubutu su karanto su fita sun ji ni.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, ni da lissafi na karanta, shi ne ginin ba shi da magini. Tubalan suna yawo a cikin ruwa suna karo da juna. Riƙon da ke tsakanin biyu ba shi da ƙarfi, don haka wanda ya zauna a karkace yakan ɓalle ya sake gwadawa, wanda ya dace kuwa maƙwabta kan kama shi ta kowane ɓangare. A 1967 masu bincike suka wargaza wani bairas da ke kama wake, waken nan dai namu, suka ware furotin da zaren gado, suka sake gauraya su a kwalba bayan sun daidaita gishiri da tsami. Ƙwanso mai tubali 180 ya haɗu da kansa.

Kada wani ya ce wannan ilimin na can ne. Bairas ɗin shan inna wannan siffa gare shi, faɗinsa kusan nanomita 30 (nanomita miliyan ɗaya ne ke yin milimita ɗaya), da furotin iri huɗu, kowane guda 60. Rigakafin sankarar bakin mahaifa da Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoban 2023 ƙwanso ne fanko, babu zaren gado a ciki. Jiki kan ga siffar ya haddace ta, amma ba abin da zai hayayyafa. Manya cikinmu sun tuna abin da jita-jita ta jawo mana a 2003, lokacin da aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano, da kuma irin wahalar da aka sha kafin a wanke nahiyar Afirka daga asalin cutar a 2020. Shi ya sa ban ɗauki saƙon muryar nan da wasa ba.

Baje kolin na nan Asabar mai zuwa da ƙarfe goma na safe, a babban zaure. Ku zo ku taɓa da hannunku, ku ƙirga tsinin. Kowane rukuni na buƙatar ƙarin kwali mai kauri, kada a aiko da wanda ya jiƙe da mai. Yarinyar da aka ƙona wa aiki na ƙara mata kwana uku, ƙawayenta sun riga sun yanka mata alwatika goma sha ɗaya. Mahaifinta kuwa kujerar gaba na ajiye masa.

Sauran batutuwa: masu ragowar kuɗin makaranta sun san kansu. Ƙarfe bakwai da rabi ake rufe ƙofa, kuma mai gadi umarnina yake bi, a daina yi masa faɗa. An gyara famfon ɓangaren 'yan mata. Sakamakon gwaji yana hannun malaman aji, uba ko uwa ne za su karɓa.

Wassalam.
Shugaban Makaranta