Wasiƙa Daga Garwa: Garin Maganin Nan da Aka Tallata wa Inna

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya sanyin ƙasar Turawa? Mu nan Garwa zafi ya kama, Binuwai ya ja da baya har yashi ya fito.

Saƙonka ya iso game da garin nan na 'yan ledoji da aka tallata wa Inna, wai yana ɗauke da ƙwayoyin tushe masu mayar da tsohuwa yarinya. Ka ce tunda ni ke koyar da ilimin halittu a lise, wato makarantar sakandare, in faɗa maka gaskiya kafin ka turo kuɗi. To, kada ka turo. Ga dalili, sai ka yi haƙuri da tsawon bayanin malamin makaranta.

Jikin mutum yana da ƙwayoyin halitta iri fiye da 200, na jini daban, na fata daban, na ƙwaƙwalwa daban. Kusan dukkansu kuwa sinadaran gado iri ɗaya suke ɗauke da su, wato umarnin gina jiki da muke gada daga iyaye, wajen 20,000. Abin da ya raba su shi ne wanne aka kunna, wanne aka kulle. Kwana biyar da shigar ciki, ɗan tayi bai wuce ɗigon alƙalami ba, a cikinsa akwai wani curin ƙwayoyi da ba su zama komai ba tukuna, amma kowace tana iya zama kowane sashe na jiki. Su ne ƙwayoyin tushe na asali.

Ɗalibaina kan ɗauka cewa irin wannan ƙwaya zaman banza take yi har a ba ta aiki. Ba haka ba ne. Ka tuna masuntan Binuwai da damina: mai kwale-kwalen da ka gani tsaye cak a tsakiyar ruwa, shi ya fi kowa aiki da filafili, don da zarar ya saki hannu ruwa ya tafi da shi. Masu riƙe ƙwayar a wuri ɗaya sinadaran gado uku ne, Oct4 da Sox2 da Nanog. Kowane yana haifar da furotin da ke manne wa zaren gado, wato DNA, su kunna kansu, su kunna juna, su kuma sa a danne sinadaran da za su mayar da ita ƙwayar jijiya ko ta tsoka. Wasu furotin da ake kira Polycomb ne ke taya su dannewar, kuma ba rufin har abada suke yi ba, suna barin sinadaran cikin shirin tashi.

Abin da ya fi burge ni shi ne aikin masana Hitoshi Niwa da Austin Smith a kan ƙwayoyin ɓera, wanda aka buga a 2000. Da suka rage Oct4 ƙasa da rabi, sai ƙwayoyin suka koma irin masu gina mabiyiya. Da suka ƙara shi da kamar rabi, ka zaci riƙon zai ƙara ƙarfi ko? Ina! Nan ma suka kuɓuce, suka kama wata hanyar. Ashe awo ne, kada ya gaza, kada ya zarce. Shi ya sa a ɗakin bincike ake lallaɓa su cikin ɗumi irin na jikin mutum, ana sauya musu ruwan abinci kusan kullum. Na ɓera, in aka janye musu wani furotin mai suna LIF, cikin 'yan kwanaki sun rikiɗe. Na mutum, da James Thomson ya fara renonsu a Amurka a 1998, LIF ɗin ma bai ishe su ba. Wannan abin ne za a ce an busar an ƙulla a leda, yana kwana a rumfar kasuwa cikin zafin Garwa? Haba, Malam. Yawancin irin garin nan tsirrai ne aka sarrafa, kuma ko da ƙwaya mai rai ce aka haɗiya, ciki narkar da ita zai yi kamar tuwo.

Batun mayar da tsoho yaro yana da ɗan tushe, shi 'yan talla suka rataya. A 1962 John Gurdon na Ingila ya ɗauki cibiyar ƙwaya, wato ma'ajiyar sinadaran gado, daga hanjin ɗan kwaɗo, wani kwaɗon Afirka ne ma, ya sa a ƙwan da aka kashe wa tasa cibiyar, sai ga sabon ɗan kwaɗo. A 2006 Shinya Yamanaka da Kazutoshi Takahashi a Japan suka tace sinadarai 24 har suka tsaya kan huɗu, Oct4, Sox2, Klf4 da c-Myc, suka cusa su a ƙwayoyin ɓera da suka riga suka kama aiki, ƙwayoyin suka koma na tushe. Bayan shekara suka yi da fatar mutum. Gurdon da Yamanaka suka raba kyautar Nobel ta 2012. Amma c-Myc yana cikin masu haddasa ciwon daji, kuma ƙwayar tushen da aka sa a jiki ba ta rikiɗe ba tana iya zama ƙari, wani lokaci har da gashi da haƙori a ciki. Masanan da kansu a hankali suke takawa.

Maganin da ya tabbata tun da daɗewa shi ne dashen ɓargo, ga masu dajin jini da wasu masu sikila, shi ma a babban asibiti, bayan gwaje-gwaje masu yawa.

Ciwon gwiwar Inna kuwa, ranar Asabar in sha Allah zan kai ta a duba, a auna mata suga da hawan jini. Kuɗin da ka ware ka ajiye su sai na gaya maka abin da likita ya rubuta. Uwargida tana gaida Hajiya, yara kuma suna tambayar yaushe Baffa zai zo.

Naka har kullum,
Amininka na Garwa