A Riƙa Tambayar Yara Manufar Marubuci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a wannan jarida don in ja hankalin 'yan'uwana malamai kan darasin auna fahimta.

Akasarinmu idan yaro ya karanta rubutu, abin da muke tambayarsa bai wuce wa ya yi, a ina, yaushe ba. Ya bi layi da yatsa, ya kwafo amsa, a ba shi maki. Ba mu cika tambayarsa me mai rubutun yake nema a wurinsa ba. Sanar da shi yake yi, ko nishaɗantar da shi, ko kuwa so yake ya ja ra'ayinsa?

Kwanan baya na shiga aji da irin takardar nan da masu maganin gargajiya suke rabawa a kasuwar Terminus da ke nan Jos. Ta fara da lissafo alamomin basir dalla-dalla: ciwon baya, kasala, kumburin ciki. 'Yan ajin suka ce ai wannan ilimin kiwon lafiya ne. Sai da na ce su duba layin ƙarshe, inda aka sa lambar waya da kuɗin kwalba, sannan wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ashe talla ce."

Mu mutanen Jos abin ya fi ƙarfin cin WAEC ko NECO. Wanda ya ga rikicin 2001 da na 2008 da na 2010 ya san ɓarnar da jita-jita take yi, ga shi yanzu tana yawo a WhatsApp. Saƙo zai zo ba sunan unguwa, ba rana, ba wanda ya gani da idonsa, sai kalmomi masu tunzurawa da "don Allah a tura wa kowa". Yaron da ya saba tambayar manufa zai dakata kafin ya tura.

Ba wai rubutu da manufa laifi ba ne. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ma da aka fara bugawa a Zariya a 1939, gwamnatin Turawa ce ta tsaya mata, kuma daga cikin dalilan har da kashe jita-jita a jajiberin Yaƙin Duniya na Biyu. Sanin haka kan taimaki mai karatu ya auna abin da ke ciki.

Roƙona gare ku, Malam Edita, ku riƙa rubuta "talla" ɓaro-ɓaro a kan duk rubutun da aka biya kuɗinsa, ku kuma raba sharhi da labari a fili. Da shafukanku muke koyarwa, muna yanko su mu kai aji.

Naku,
Wani malamin sakandare,
Gangare, Jos